Jami'ar da Malama Saratu Ta Ƙi

Kullum kafin a buga ƙararrawar makaranta, Malama Sarah Timothy, wadda duk Birnin Gwari ke kira Malama Saratu, ta riga ta share ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin malamai ta jera kujeru biyu. Ba ta sa su fuskantar juna. Gefe da gefe take ajiye su, duka suna kallon ƙofa a buɗe, domin wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba ya yarda ya ba ƙofa baya. Da safe ɗalibai ne ke zama a kai. Bayan an tashi sai manya su fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, manoma da makiyaya da matan aure, kowa yana yi kamar wucewa ya zo yi. Gwamnati koyarwa da ba ɗalibai shawara ta ɗauke ta yi. Sauran aikin babu wanda ya sa ta.

Ƙarshen wannan zango za ta yi ritaya. Ni ba na yabon mutum don ya daɗe a wuri, daɗewa ko kututture yana yi. Abu ɗaya da ta yi a gaban idonmu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Muna da wata al'ada a nan da muke ɗauka alheri ce. Idan Allah ya kuɓutar da mutum daga daji, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gari ya zo barka da arziki. Duk wanda ya zauna sai ya tambaya. Yaya aka yi? Sun dake ka? Me kuke ci? Ka ga wane a can? Mutum ya ba da labarin wulaƙancinsa tun hantsi har magariba, gobe a sake. Wasu zumunci ya kawo su. Wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, labari suka zo ɗauka su kai teburin mai shayi.

Haka aka yi wa Isah, wani manomi ɗan ƙauyen Kusasu da aka ɗauke yana tsakiyar noma, bai dawo ba sai bayan girbi. Kafin nan iyalinsa sun taso sun dawo cikin gari, unguwarmu. Ya amsa tambayoyi har ya gaji, sai wata rana ya yi shiru, bai ƙara cewa uffan ba. Ba ya cin abinci sai an fita an bar shi, ba ya taɓa fartanya. Yayansa Ɗalha ya yanke cewa iska ce, kuma za a kai shi inda ake ɗaure masu taɓin hankali. Har ya je ya ga wurin.

Malama Saratu ta samu Ɗalha a zaure. Maƙwabta da yawa sun ji abin da aka yi.

"Malama, ke da ko Ƙulhuwallahu ba ki iya ba, me za ki yi wa mai iska?" in ji Ɗalha.

"Malam Ɗalha, ku ci gaba da addu'arku, ni ma ina yin tawa. Abu biyu nake roƙo. Kada a sa wa Isah mari a ƙafa, kuma a naɗe tabarmin nan na ƙofar gida."

"Mu kori baƙi? A ce gidanmu an daina amsa gaisuwa?"

"A ce Malama ce ta hana. Ni bakin mutane bai taɓa hana ni cin tuwo ba."

Ɗalha ya yarda, amma ya ce haƙurinsa yana da iyaka. Ta yi ta zama da Isah rani guda, tana lallashinsa ya fitar da abin da ke cikinsa, kamar yadda aka koya mata tun tana budurwa a digirinta na farko na ilimin halayyar ɗan Adam. Isah sai ƙara sunkuyar da kai yake yi. Damina ta sauka ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa. A nan ne ta yi abin da yawancin masu takarda ba sa iya yi. Ta ce iliminta ya ƙare, sai ta koma makaranta.

Ta nemi gurbin digiri na biyu, jami'o'i biyu suka amsa. Ɗaya babba ce can Kudu, mai suna, ga ɗakin gwaji, ga tallafin karatu, ga wurin kwana. Ɗayar a nan Arewa take, sashen nasu ƙarami, karatun kuma zuwa ake yi ana dawowa, wato za ta riƙa bin hanyar Kaduna a shekarun da direba ba ya tada mota sai ya ji labarin rakiyar sojoji. Duk mai hankali ya san wadda zai ɗauka. Mijinta Timothy ma haka ya gani.

"Sarah, Allah ya buɗe mana ƙofa mu fita da yaranmu lafiya, ke kina tsaye kina tambayar wa zai duba bincike?"

"To ai wurin mutum zan je karatu, Baban Ann, ba wurin gini ba."

Ta buga wa duka biyun waya. Ba ta tambayi girman ɗakin karatu ba. Ta tambayi wane malami ne zai duba aikinta, da abin da shi kansa yake bincike a kai, da ko ya taɓa zama da wanda tsoro ya rufe wa baki, da ko za a bar ta ta yi bincikenta a gida. Na Kudu suka gaya mata gaskiya, kuma sun kyauta: ƙarfinsu a kan halayyar ma'aikatan kamfanoni yake, kuma suna son ta tare da su har ta gama. A ɗayar ta samu wani Dakta Mamuda, wanda ya saurari labarin Isah bai katse ta ba, sannan ya ce, "Malama, idan kika sa shi ya faɗa, ya rushe a gabanki, wa zai zauna da shi bayan kin tafi gida?" Da ta ajiye waya ta ce wa Timothy ta samu malaminta.

Mutane suka yi ta surutu. Wasu suka ce tsoron Kudu take yi, matar da take shiga motar Kaduna lokacin da maza ke aika saƙo su zauna gida. Wani malami a makarantarsu ya ce takardar ƙaramar jami'a ba ta da nauyi. Ban san da wane sikeli ya auna ba.

Daga zuwanta na farko ta dawo da wani salo. Dakta ya nuna mata kuskurenta, daga ƙarshe ta faro aikin. Mutumin da bai samu barci da ci da natsuwa ba, ba a neman labari a bakinsa, labarin nasa ne, zai kawo shi ranar da ya ga dama ko ya riƙe abinsa. Ta je ta ce, "Isah, ka yafe ni, na matsa maka. Daga yau ba zan ƙara tambayarka daji ba." Ta sa aka kawo ƙwaryar gyaɗa, suka zauna suna ɓarewa, babu mai magana. Haka suka yi ta yi, ta je karatu ta dawo, su ɓare gyaɗa. Ɗalha ya fara ƙorafin cewa ƙaninsa ya zama ɗan aikin Malama, ya sake tada maganar mari, har ya yi magana da mai motar da zai kai shi.

Ran nan Isah ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannu, ya ce, "Wa ya sayar miki da wannan? An cuce ki, Malama. Wannan ba iri ba ne, ta ƙuliƙuli ce." Ɗalha yana bakin ƙofa. Ya juya ya fita waje, don kada mata su ga fuskarsa. Maganar mota ba ta ƙara tashi ba.

Malama, ke ce kika samu hanyar tsira da halalinki, ba mai zarginki da kin bi ta, kika tsaya. Ba garin kakanninki ba ne, Isah ba ɗan cocinku ba ne. Ke ce kika yi furfura kika koma gaban malami kika yarda a gyara miki kuskure. Kundin bincikenki a kan yadda muke tarbar waɗanda suka dawo ne, kuma ko sunan mutum ɗaya ba ki tona ba a ciki. Uwar waɗanda daji ya sako, mun gode. Allah ya saka miki, ya saka wa Timothy da ya yi ta jiranki a tasha.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, Isah bai gama warkewa ba. Bana ya shuka rabin gonarsa, rabin da ke bakin daji har yanzu ƙafarsa ba ta kai can ba. Amma yana cin abinci da 'ya'yansa, yana faɗa da masu sayar da taki, kuma ƙarfe bai taɓa ƙafarsa ba.

Ku 'ya'yanmu da kuka gama digiri kuke neman na biyu, na ga yadda kuke zaɓen jami'a, da hoton ƙofarta da yadda sunanta zai fito a katin ɗaurin aure. Ku je ofishin bayan ɗakin malamai tun matar nan ba ta miƙa mabuɗi ba, ku tambaye ta yadda ake yi. Mutanen da ke zuwa wurinta bayan an tashi makaranta ba za su yi ritaya tare da ita ba. Zango mai zuwa za su zo kamar yadda suka saba, kuma har yau babu ko ɗayanku da ya ce shi zai zauna da su.