Murhunan Dudu

A tsibiri aka haifi Dudu, tun kogi bai zama tafki ba. Da aka datse ruwa a Kainji ya haɗiye garinsu, aka kwaso su zuwa tudu kusa da Yelwa. Uwarta Aishatu ba ta tsaya jimami ba, ta kwaɓa laka ta gina murhun bandar kifi a bakin ruwa, ta ci gaba da sana'ar da ta gada. A gindin murhun nan Dudu ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, ta binne uwa da miji. A hannunta murhu ɗaya ya zama shida. Masunta daga Wara har Shanga ba sa sauke tarwaɗa sai ta zaɓa, fatake kuma daga kudu suke zuwa neman bandarta.

Shekaru da dama bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, Dudu ta riga ta gaji. Hayaƙi ya ci mata ido, kullum hawaye yake zuba, kuma idan ta durƙusa juya kifi sai an ba ta hannu take miƙewa. Mai ba ta hannun ita ce Marta, Bakambara daga kan tudu, wadda ta shigo aikin tun tana amarya, yanzu har ta fara furfura.

A shekarun nan ne wani malamin jami'a ya zo daga Sakkwato, yana bincike a kan sana'o'in gado, yadda ake riƙe su da yadda ake miƙa su. Mutum ne mai ladabi, ya zauna a kan turmi ya sha hayaƙi tare da su. Duk abin da ya tambaya ta amsa, har ya zo kan wanda zai karɓi aikin a bayanta. Sai ta kama gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Malamin bai matsa ba, ya yi godiya ya tafi.

Amma tambayar ta zauna mata. 'Yarta Khaulat, mai hannun banda, tana gidan miji a Shanga. Ɗanta Fa'izu kuwa, da ya dawo daga aikin shago a Kontagora, ko warin hayaƙi ba ya so. Maganarsa kullum ita ce ƙanƙara: a zuba ɗanyen kifi a akwatin sanyi a kai birane, ba itace, ba ciwon ido.

Ta daɗe tana kau da zancen. Ranar da ta gaji da musu ta kira shi.

"Ka ɗauki rabin filin ka gwada," in ji ta. "Ni ban da sauran ƙarfin gardama."

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ya sayo tsohon firiza, wuta ta yi ta ɗaukewa, kifi ya ruɓe har maƙwabta suka yi ƙorafi. Dudu da Marta suka haƙa rami suka binne. Sai ya sake dabara, ya riƙa ɗauko ƙanƙara a mota daga Kontagora, ya sa wa jirgi inji yana tarar masunta a tsakiyar tafki. Wannan karon abin ya karɓe shi. Masunta suka ga ba sai sun tuƙo har gaɓa ba, suka riƙa sayar masa tun a ruwa.

Da haka murhunan uwarsa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, saboda kifin ba ya isowa tudu. Mutane suka zaci za ta yi fushi. Ita kanta ta duba zuciyarta ba ta sami fushin ba, sai wata kasala, da kunyar cewa ta ji sauƙi.

Murhu biyun da suka rage ta ba Marta. Dangin mijin Dudu suka taso, wai ba a fitar da gado daga gida. Ta saurare su har suka gama, ta ce wanda yake so ya zo gobe ya hura wuta. Babu wanda ya zo.

Khaulat ta ɗauke ta zuwa Shanga don ta huta, amma damina ba ta ƙare ba ta dawo, ta ce zaman ɗaki ya fi aikin gajiyar da ita. Ta koma zama a inuwar rumfar Marta, ba ta taɓa komai, sai dai in kifi ya kusa ƙonewa ta yi gyaran murya.

Bayan shekara Fa'izu ya zo ya tsuguna a gabanta. Tsofaffin masuntan Wara sun ƙi hulɗa da shi, sun ce su Dudu suka sani.

"Inna, ko sau ɗaya ki raka ni su gan ki."

"Mi zan ce musu?"

"Ba sai kin ce komai ba."

Ta nisa, ta sa Marta ta miƙo mata mayafi. Suka kama ta su biyu suka saka a jirgi, ta jingina da akwatin ƙanƙara. Kafin su wuce tsibirin farko barci ya kwashe ta, Fa'izu ya rage gudun injin.