Firjin da muka ara

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara zuwa ajin manya a Garwa, bayan la'asar, da ƙarnin kifi a hannuna, don sana'ata ke nan, suyar kifi kusa da gadar Binuwai. Mata suka yi ta dariya, wai tsofai-tsofai da ni. To, karatun nan shi ya ceci 'yata.

Ita ce ta ɗaya a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Akwai wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin jami'a ga yara masu ƙoƙari waɗanda iyayensu ba su da hali. Ubanta ya rasu, kaskon suyata kuwa ba zai kai yarinya jami'ar Ngaundare ba. Muka kai takardu, aka ce wata madam za ta zo ta ga gidanmu da idonta.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa gwaggonta, yayar mijina. A unguwarmu ba a barin baƙo ya ga babu. In za a yi baƙi, kowace maƙwabciya sai ta kawo abin da take da shi. Ranar da madam za ta zo na yi sammakon sayo kifi, na dawo na kasa gane ɗakina. Kujerun kushin, kafet, talabijin, har da firji a lungu. Madam ta riga ta iso, ga kaza a gabanta, tana cike takarda. Gwaggo sai murmushi take. 'Yata na raɓe a bakin ƙofa, ido jawur.

Na gaida madam na zauna kusa. Da a da ne, zane-zane kawai zan gani. Amma na bi layin a hankali na karanta: firji, akwai. Talabijin, akwai.

Na ce, "Madam, ajiye biron nan tukuna."

Gwaggo ta mintsine ni. "Ke, rufa mana asiri mana!"

"Yaya, kujerun aro ne za su kai ta jami'a?"

Na tashi na ɗago igiyar firjin na miƙa wa madam. "Nemo mini inda za a jona shi. Gidan nan ko wuta babu." Sannan na leƙa ta katanga na ƙwala kira, kowa ta zo ta kwashi kayanta.

Mai firjin ta shigo tana huci. "Ni da na sa aka turo shi a baro, godiyar ke nan?"

"Allah ya saka, Hajiya. Ranar bikinta zan sake ara."

Aka kwashe tas. Sai tabarma, katifa ɗaya, fitila, da kwalin littattafan yarinya. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Madam ta dube mu, ta dubi farantin.

"Kazar fa, ita ma ta aro ce?"

"Ita kam an yanka, ci abinki."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba mu ne na farko ba. Ta yaga takardar ta ciro sabuwa.

Gwaggo ta daina amsa gaisuwata, wai na tozarta gidan ƙaninta. Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda ƙungiyar ta ɗauka a bangon lise na ja ta muka tafi. Na sa yatsa na bi har na tarar da sunan 'yata, na karanta mata da ƙarfi, sau biyu. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce in ba ta ruwa. Da ta sha ta ce, "Akwatin tafiya dai a bar ni in aro."

Na bar ta.