Hadarin Gilashi a Rijiyar Tenhya

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa hallaka garken shanu da gilashi ba. Ƙarshen bazara ne, ni ke riƙe da kamara, muna ɗaukar fim a kan makiyaya a wata rijiya kusa da Tenhya.

Ku sababbin shiga aikin kamara, sararin Damargu haske gare shi fiye da kima. In ka saita kamara don fuskar mutum, sama ta fito fari fat. Maganinsa wani gilashi ne da muke kira digirade: samansa da duhu, duhun na raguwa har ƙasansa ya zama garau. Gaban idon kamara ake zura shi. Ran nan shef, shugaban aikinmu, ya ce yana son sama mai nauyi, ni kuma da rawar kai na haɗa gilashi biyu. Hoto ya yi kyau, har kaina ya kumbura.

Wani makiyayi ya roƙi guntun hoton a salularsa, na ba shi. Da la'asar sai ga Ardo Sambo, dattijon rijiyar, riƙe da salular. Ya dubi hoton, ya dubi gabas, ya daɗe.

"Ɗana, wannan hadarin na yaushe ne?"

Na yi dariya na miƙa masa gilashin. Ya kara a ido, ya sauke, ya juya shi, yana ta tambaya yadda duhu ke zama cikin abu mai tsabta haka. Sai da ya ƙoshi sannan ya ce an riga an hau tudun da ake samun rezo na waya, an aika hoton ga ƙanensa da ke tsare da shanunsu wajen Tarka, yana jiran labarin ruwa. In ƙanen ya taso da su, tabkunan hanya duk a bushe suke, shanun kuwa sun rame.

Muka faɗa mota sai tudun, Ardo ya kira ƙanen. Ashe har ƙanen ya ɗaure wa jakuna kaya, kuma ya ƙi yarda da baki, wai shi ido ya gani. Sai da na ɗauki hoton gabas tsirara, ba gilashi, na aika, sannan ya kwance.

Muna saukowa Ardo ya ce, ba da faɗa ba, "Ku kallon sama kuke, mu karanta ta muke."

Har gobe ina aiki da digirade, amma ɗaya tak, kuma a ƙasar makiyaya ba na sa wa sama abin da Allah bai sa mata ba.