Tsinken Tsintsiya da Birkin Malam

Runjin Sambo, bayan asuba

Ranar Laraba, gari bai gama wayewa ba, na yi addu'ar fita daga gida kamar mai zuwa Makka, alhali Ƙofar Kware na nufa. Ku matso ku ji abin da ya fitar da tsohuwa da sassafe.

Malam, mai gidana, yana da keke irin na tsere, mai siraran tayu da ƙaho a lanƙwashe kamar na rago. Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, shi ya aiko masa daga Kaduna don zuwa lambun albasa. Robar birki ta cinye tun damina, Malam kuwa ya ce lafiyarta lau. Da ƙafa yake tsayawa. Takalmi uku ya kashe, ranar nan kuma ya faɗa cikin awakin maƙwabta. Da labari ya kai Kaduna, yaron ya ce ran Juma'a zai zo ya ɗauke keken. Ni kuwa na san in anka raba Malam da lambu, zama zai yi ya tsufa a gabana, yana yi wa miyata alƙalanci.

Sai na yi abin da uwata ke yi in za ta sayo mana takalmin salla. Malam na masallaci, na karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon robar, na soke a ɗankwali.

Ƙarfe shida da kwata, in ji mai keke napep, munka tashi.

"Inna, ina anka nuhwa tun da sahe?"

"Sayen birki."

"Na mota?"

"Na tsoho."

Sau biyu anka tsayar da mu: ɗan sanda mai ba da hannu, da wani jaki da ya ƙi ba kowa hanya.

Ƙofar Kware, ƙarfe bakwai saura

Na sami mai gyaran keke, Bube, yana karyawa da masa da miya. Munka gaisa, ya tura mini kwano, na ci biyu don kada a ce na raina. Sannan na zare tsinkena na ɗora a bencinsa, na fara bayani tun daga damina, don magana ba ta da daɗi in an fara ta daga tsakiya. Ban kai ga awaki ba, sai na ga bawan Allah yana sakace.

"Ɗan nan, mi ag ga bakinka?"

"Tsinke na, Inna."

"Awon birkin mijina na!"

Ya fito da shi, rabi ya tafi. Ya yi ta ba da haƙuri, ya zazzage gwangwaninsa kaf, duk robar kekunan dā ce, masu ɗaukar buhun gero. Ya ce in tafi Ƙofar Taramniya in nemi Danladi. Har titi ya raka ni, ya tsayar mini da abin hawa.

Ƙofar Taramniya, hantsi

Danladi mutumin Filato ne, Kirista, gemunsa ya fara furfura. Na ajiye masa guntun tsinke, ya dube shi da ladabi kamar an miƙa masa takardar kotu.

"Mama, yaya keken yake?"

Na kwatanta ƙaho da tayu. Sai ya ajiye sifana.

"Shuɗi? Wani dattijo mai farar hula, da ke jan ƙafa a ƙasa tun daga gangare?"

"Ka san shi?"

"Mama, wa bai san shi ba? Masu tireda da sun hango shi suke janye kaya."

Shekara arba'in da bakwai ina rufa wa mutumin nan asiri, ashe gari ya riga ni.

Ya jera mini roba iri biyu. Na danna kowace da farce, yadda nake gwada kabewa, na zaɓi mai tauri kamar ƙashi, don ni ban taɓa sayen abin da ba ya daɗewa ba.

"Wannan za ta daɗe," in ji shi, "amma in ruwa ya taɓa ta sai santsi, kuma tana cin bakin gargaren taya. Mai taushin ita ke kamawa."

"Ai za ta cinye."

"Dole wani abu ya cinye, Mama. Ko roba, ko takalmi, ko Malam."

Na ɗauki mai taushi. Ya nuna mini 'yar kibiya a jikinta, ya ce akwai ta dama akwai ta hagu, in an juya su sai su zame. Na ce tun da haka ne, ya zo ya sa da hannunsa, amma sai an kira azahar.

Komawa gida

Ƙarfe biyu Malam ya fita masallaci, Danladi ya shigo zaure. Kafin a sallame ya gama, ya sha fura, ya tafi.

Da la'asar Malam ya hau. Ya damƙe birki da ƙarfi yadda ya saba, hularsa ta yi gaba ta bar shi. Ya ɗauko ta, ya dubi keken, ya dube ni. Ina ta tsince shinkafa.

Ran Juma'a yaron ya iso, ya tsaya a ƙofar gida yana jira. Sai ga Malam ya gangaro daga lambu, albasa ɗaure a baya. Ya zo har gaban ɗansa ya tsaya cak, sannan ya sauke ƙafa a hankali kamar liman na sauka daga mumbari.

"Wa yac ce birkina ba shi ci?"

Yaron ya matsa birkin, ya duba robar, ya dube ni. Kaduna ya koma hannu biyu, ya bar keken.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, na gode wa Danladi, na kuma yafe wa Bube rabin tsinkena. Malam bai ce mini komai a kan birkin ba har yau. Sai dai da anka kawo tuwo ran nan, ya ɗanɗana, ya ce, "Gishirin ya yi daidai."

Wannan ne karo na farko da ya yabi miyata tun da anka kawo ni gidan.