Abin da Na Ɓoye a Cikin Huffi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar ina Ticha Garba ya shiga, da waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa. Ina raye. Kunya ce ta rufe mini baki fiye da ciwon.

Kun san ni da alfahari da ƙafafuna. Duk wanda ya taɓa zama da ni a unguwarmu Sabonjida ya sha labarin macin da muka yi ranar da Gana ta samu 'yancin kai, muna 'yan firamare, ba takalmi, Inna ta dirje mana kaushi da dutse ta mulke mu da man kaɗe. Na gundure ku da shi, na sani.

To ƙafafun nan ne ciwon suga ya fara kashe mini. Ina tafiya sai in ji kamar auduga nake takawa.

Ana haka na ga bidiyon wata mata a waya tana goge jikinta da burushi mai tauri, a bushe, ba ruwa ba sabulu. Wai yana buɗe jijiyoyi, jini ya gudana, dattin jiki ya fita. Na saya. Ban tsaya a kaina ba, na sa muku bidiyon a shafin nan har da ƙarin bayanina na tsohon malamin makaranta. Aminina Afa Seidu na unguwar Choggu, da shi ma suga ke damunsa, da hannuna na kai masa nasa burushin.

Matata Hajiya Adisa ta ce, "Ticha, wannan ai na wanke taya ne, ba na mutum ba."

Na ce ilimi ne, ba za ta gane ba. Allah Ya yafe mini.

Da yake ƙafar ba ta ji, sai na riƙa ƙara ƙarfi. In ta yi ja sai in yi murna, wai jini ya fara isowa. Har fatar ɗan yatsana ta saɓule, gyambo ya buɗe.

A nan na yi abin da ya fi ba ni kunya. A bakin famfon masallacinmu kowa na ganin ƙafar kowa lokacin alwala. Ni da na cika gari da wa'azin burushi, ta yaya zan nuna wannan? Sai na sayo huffi, safar fatar nan da ake shafa a kanta maimakon wanke ƙafa. Na kulle gyambo a ciki, cikin zafin Tamale. Liman har yabona ya yi, wai Ticha ya raya sunna. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Zazzaɓi ya kayar da ni. Ina kwance ina rawar sanyi, Hajiya ta zare huffin ba ta tambaye ni ba. Ta toshe hanci, sai kuma ta saki, ta fashe da kuka.

"Ticha, ƙafan nan ya lalace paa, sosai. Ni ka ɓoye ma?"

Ɗana Bashiru ya tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, sai asibiti.

Gwajin jini, hoton ƙashi, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Wankin gyambo kuwa, ba na yi wa maƙiyi fatansa. Likita ta ɗauki biro ta ja layi a ƙaurina ta ce, "Baba, idan kumburin ya wuce nan, ƙafan zai tafi daga gwiwa."

Na ji tsoro ƙwarai. Kullum kafin in duba fuskar kowa, layin nan nake fara dubawa.

Kumburin bai tsallaka ba, amma yatsan bai tsira ba. An yanke shi. Katin inshora ya ɗauki abin da zai ɗauka, babur ɗina ya tafi a sauran.

Na daure na tambayi likitar ko burushin na da wani amfani. Ta ce, "Yana cire mataccen fata, mai lafiya zai ji daɗin jikinshi, shi ke nan. Bai buɗe jijiya koraa, ko kaɗan. Mai suga kuma bai kamata ya taɓa shi ba."

Duk da haka niyyata in warke in yi gum, in ce suga ne kawai.

Sai ga Afa Seidu ya zo duba ni. Ya zauna a bakin gado yana ta addu'a. Idona ya sauka ƙasa, na ga huffi a ƙafarsa, sabo fil. Mutumin da ko takalmi rufaffe ba ya iya jurewa.

Na ce, "Afa, cire in gani."

Ya ce, "Ticha, ba komai ne ba, ƙaramin abu ne."

Na yaye zanen da ke kan ƙafata na nuna masa gurbin yatsana. Ya cire, sai ga gyambo irin nawa. A ranar aka ba shi gado a ɗakinmu. Allah Ya sa an tari nasa da wuri, yatsunsa cif.

Ban san mutum nawa ne a cikinku suka bi maganata ba. Shi ya sa na rubuto.

Na gode wa Allah, da likita da nas-nas da suka jure warin da ni kaina na kasa jurewa, da Bashiru, da Hajiya wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba.

In kana da suga, ka ajiye burushin nan yau. Ka riƙa duba ƙafarka kullum, har tsakanin yatsu. In idonka bai kai ba, ka bar na gida su duba maka. Ka ga gyambo ko ƙanƙane, asibiti, kada ka rufe shi.

Gobe Juma'a zan koma masallaci in sha Allah. Zan yi alwala a bakin famfo, ba huffi. Mai son gani ya matso ya gani, kuma in ya tambaye ni me ya ci yatsan, zan faɗa masa ni ne.