Ranar da Na Miƙa Takardar Gidanmu

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Laraba abin ya fara. Na san lokacin daidai domin ni yarinya ce mai yawan duba agogo, kuma agogon bangon zaurenmu, wanda aka ba kakana ranar da ya bar aikin jirgin ƙasa, bai taɓa yin latti ba. Har yau in na shiga shagon hoton takardu a jami'a, ƙamshin takarda mai ɗumi ya bugi hancina, sai in koma shekarar nan da nake 'yar goma sha biyu.

Gidanmu a Fagge yake, cikin wani lungu a bayan shagunan 'yan atamfa. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ya laƙaba mini Akawu, saboda ba na magana sai karatu. Duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ko ta makaranta, ni ake miƙa wa. Ni kaɗai ce kuma a cikin jikoki aka yarda in taɓa gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai takardar gidanmu, mai kauri, da jan hatimi, an sa ta a leda. Ƙarƙashinta akwai hotunanta baƙi da fari guda shida. Dokar gwangwanin ɗaya ce, kuma na haddace ta tun kafin in iya ɗaura ɗankwali: hukuma hoto ake ba ta, ta ainihi ba ta fita.

Baba Tsoho yana da aboki a Sabon Gari da muke kira Masta. Tare suka yi aikin jirgi. Iyayensa daga gabas suka zo, amma shi a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Bayan ya bar aiki sai ya buɗe shagon buga katin biki. Duk Lahadi in ya taso daga coci yakan biyo, su zauna a dakalin ƙofar gida suna musun siyasa, domin ba su taɓa zaɓen jam'iyya ɗaya ba. A shekarar nan mutanen Baba Tsoho ne suka ci, bayan ya daɗe yana jira. Ya yanka zakara, ya manna fastar jam'iyyarsu a zaure, ya riƙa ce wa Masta, "Yanzu namu ne a sama, sai ka zo ka koyi mulki."

Ranar Larabar ba mu da makaranta. Baba Tsoho ya tafi jana'iza, mahaifina yana shago a Kasuwar Singa. Aka yi sallama, na fita. Mutum biyu ne da fayil a hannu, suka ce daga ofishin filaye suke, ana sabunta takardun gidaje. Ummata ba ta fita wurin baƙin maza. Daga bayan ƙofa ta ce, "Ki ba su hoton, ki dawo ki tsince mini shinkafa."

Babban cikinsu ya dubi hoton ya yi murmushi. Muryarsa a hankali take, kamar ta malamin da ba ya duka.

"Yarinya, wannan ai aikin da ne. Yanzu a kwamfuta ake sakawa, ita kuwa ba ta karɓar hoto. Mako biyu a dawo muku da ita." Sai ya ɗaga kai ya ga fastar. "Ashe ma gidan namu ne. Ai ku ya kamata a fara yi wa."

Na tsaya ina tunani. Littafinmu na makaranta ya ce aikin gwamnati kare rayuka da dukiyoyin jama'a. Na ci jarrabawa da wannan jimlar. Dokar gwangwani kuwa, a ganina, an kafa ta ne saboda waɗancan da suka sauka daga mulki. Na koma ciki, na wuce Umma ba tare da na ce komai ba, na zaro ta cikin ledar, na kawo masa da hannu biyu. Ya rubuta mini wata 'yar takardar shaida. Na karanta ta sau biyu, har na gyara masa lambar gidan da ya rubuta ba daidai ba. Ya ce, "Kai, wannan yarinya akwai kai." Na ji daɗi. Ban lura babu hatimi a jikinta ba sai bayan sun sha kwana.

Na ninke hoto ɗaya na cusa a ledar, na mayar da gwangwanin inda yake.

Mako biyu suka wuce cikin zafin bazara, irin wanda tabarma ke ƙuna a baya. Duk sallamar da aka yi ni ce a zaure. Mako na uku ya wuce, na huɗu ya wuce. Ruwan farko ya sauka, kwatocin Fagge suka cika suka tumbatsa, ba wanda ya zo. Sai wata safiya aka wayi gari da jan fenti a bangon gidaje uku na bakin lungu. Aka ce za a faɗaɗa hanya.

Ɗaya daga cikin gidajen na wani tela ne, dattijo, maƙwabcinmu. Da yamma na kai abinci zaure na tarar da shi yana ba Baba Tsoho labari. Shi ma ya ba mutanen nan takardarsa. Ya je ofishin da 'yar shaidarsa, aka ce ba wanda ya san sa hannun, waɗanda suka yi aikin ma an sauya musu wuri.

"Ta ainihin ka bayar?" in ji Baba Tsoho. "Kai da furfurarka?"

"Malam, namu ne fa. Tare muka yi layin zaɓe da kai."

Baba Tsoho ya girgiza kai. Ya juyo gare ni ya ce, "Mu dai tamu tana hannun Akawu." Miya ta zubo mini a yatsa, da zafinta, ban ko motsa ba.

Katafila ta zo da hantsi, ranar wata Litinin. Da na taso makaranta na ga ɗakin telan a buɗe ga kowa, bango ɗaya ya rage, shuɗi, kalanda na rataye a jikinsa. Keken ɗinkinsa yana tsakiyar hanya an rufa masa zani saboda yayyafi. Matarsa na zaune a kan buhun kaya, ba ta kuka, tana dai kallon bangon.

Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Umma ta ce ciwon shawara ne, ta yi ta dura mini jiƙo. Ƙarar kowace babbar mota sai in ji kamar a ƙirjina take tafiya. Nakan tsaya a tsakar gida in ƙirga ɗakunan, in ƙirga mutanen da ke kwana a cikinsu, mu goma sha huɗu, in rasa inda zan kai su. 'Yar shaidar tana cikin littafina na kimiyya, na buɗe na ninke har ta fara yagewa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je ofishin da kayan makaranta a jikina. Na fi rabin awa a bakin ƙofa ban iya shiga ba, har mai gadi ya kira ni. Ya duba takardar, ya miƙo mini.

"Irin wannan kullum sai an kawo. Je ki ki turo babba, 'yata."

Babban da zan turo shi ne wanda nake tsoron ya sani.

Ranar wata Asabar da safe muka ga namu jan fentin, dab da dakali. Baba Tsoho ya sa yatsa ya taɓa, bai ko bushe ba. Ya goge a jikin bangon, ya ce, "Akawu, ɗauko gwangwanin."

Na ɗauko. Na durƙusa a gabansa, na kasa buɗewa. Maganar ta fito a guntu-guntu: Laraba, mutum biyu, kwamfuta, fasta. Na miƙa masa 'yar shaidar. Na ji Umma ta yi salati a bayan ƙofa. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya juya takardar gaba da baya, ya sa a aljihu.

"Sa takalminki."

Na ɗauka wurin 'yan sanda za mu, ko ofishin, a ce in nuna mutumin. Ya kama hannuna muka bi ta cikin 'yan atamfa, muna tsallake taɓo, 'yan adaidaita sahu na yi mana hon. Muka yi ta tafiya har muka shiga Sabon Gari, muka tsaya a shagon Masta. Injin yana aiki, shagon cike da ƙamshin takarda mai ɗumi.

"A'a, mai mulki da kansa, ranar Asabar?" in ji Masta. "Lafiya?"

"An shafa mini ja."

Masta ya kashe injin. Ya dube ni, ya ga idona, ya dubi abokinsa. Sai ya ce, "Su wa? Naku?"

"Ɗauko mini ajiyata, ka bar surutu."

"A'a, faɗa mini dai in ji da kunnena. Naku ne ko namu?"

"Lokacin naku ma ai nan na kawo ta."

Masta ya yi dariya har da tari. Ya jawo kujera ya hau, ya ture wani allon silin, ya zaro ƙunshi a cikin tsohon zani. Da ya kwance sai ga wata takarda siririya, ta yi ruwan ƙasa, gefenta ya cinye, hatimin ya koɗe. Ba ta kai rabin kyan wadda na bayar ba.

"Wannan ita ce ainihin ta gidanku," ya ce da ni. "Wadda kika bayar hoton wannan ce, ni na buga ta, mai kala, a takarda mai kauri. Ta yi kyau ko? Daina kuka. Tawa ta shagon nan tana cikin gafakar kakanki, tsakanin littattafansa, tun zamanin soja. In wuta ta tashi a nan, tawa tana Fagge. In ta tashi a can, tasa tana nan. Ko babanki bai sani ba."

Na zauna a kan kwalin katin biki. Matar Masta ta kawo mini ruwa, na shanye, na kuma roƙi wani.

Ba a ranar aka gama ba. An yi watanni ana kai da kawo da lauya, kuma ko sau ɗaya Baba Tsoho bai saki takardar daga hannunsa ba. In an ce a gani, sai ya riƙe gefe ɗaya. A ƙarshe aka cinye dakalin da rabin zauren, har da bangon da fastar take. Sauran gidan yana nan. Telan bai samu komai ba, ya koma can bayan gari wurin ɗansa, ba mu ƙara ganinsa ba sai a jana'izar Baba Tsoho.

Yanzu tsofaffin biyu duk sun rasu. An yi zaɓe, an sake yi, waɗanda suke sama sun sauko, na ƙasa sun hau. Lungunmu ya zama titi, shaguna sun cinye inda yara ke wasa. Ni ma na yi katin zaɓe, na yi layi a rana, kuma ba zan daina ba. Amma ambulan takardar shagon Masta yana cikin akwatina, a ƙarƙashin littattafai, tamu kuma tana wurin 'yarsa a Sabon Gari. Ba mu taɓa zama mun yi shawara a kai ba. Ba dai wanda ya ce a mayar wa kowa tasa.

Abin da ya sa nake tuna ranar Asabar ɗin shi ne hanyar dawowa. Mun hau adaidaita sahu, takardar tana cikin rigarsa, ya dafe ta da hannu. Ni da ba na tambaya, na daure na tambaya.

"Baba Tsoho, ba kai ka ce namu ne suka hau ba?"

"Namu ne mana. Gobe ma in an sake zaɓe su zan ba."

"To me ya sa ka ɓoye musu?"

Muka shigo Fagge, har na hango jan fentin daga nesa. Sannan ya ce:

"Ƙuri'a suka roƙa, Akawu, na ba su. Mutane ne ke hawa suna sauka. Wadda ta shafa mana jan nan kuwa hukuma ce, ita tun ina yaro ban taɓa ganin ta sauka ba."