Malamar da Ta Hana Mu Jera Masana Kamar Gadaje

Babi na biyu na aikin wata ɗaliba, maganin ɗigawa a ido, da takardar ritaya da sashenmu ya ce in kai wa Malama. Abin da ke jakata ke nan ina hawa bene zuwa ofishinta. Ni ma ɗalibarta ce a da, yanzu ina koyarwa a sashen.

Shekara ashirin da shida tana buɗe ofishin nan ƙarfe bakwai na safe. Ɗalibanta ma'aikatan jinya ne masu neman digiri na biyu, daga ɗakin majinyata suke zuwa, farin kaya a jiki. Tana koya musu bitar abin da masana suka rubuta, da rubuta bincike.

Kuskurenmu ɗaya ne. Mun saba miƙa aiki gado bayan gado, sai mu jera masana haka nan: wane ya ce, wance ta ce. Sai ta ture takardar.

"'Yar nan, ba miƙa aiki kike yi ba. Waɗannan biyun sun saɓa, kin kwantar da su kusa da juna kamar lafiya lau. Wa ya fi hujja?"

Shugabar ɗakin jarirai ta shaida mini cewa tana ɗaliba ta kwafi adadin wani magani daga takardar da ita ma kwafowa ta yi. Malama ta kora ta ɗakin karatu sau uku har ta samo binciken asali. Ashe a kan manya aka yi shi.

Yanzu idon Malama ya tafi. Sashe ya ce tunda babu mai karɓa, darasin zai koma taron yini guda.

Na karanta mata babin da baki. A shafi na huɗu ta ɗaga hannu.

"Wannan binciken ba ta karanta shi ba, taƙaitawar kawai ta leƙa."

Na duba. Haka ne.

"To baɗi wa zai gaya musu?" in ji ta.

Malama, ke ce mai bin layi ɗaya-ɗaya. Na yi karatu nesa, na zauna gaban masu suna, ban ga kamarki ba. Sunanki ba ya bangon kundi ko ɗaya, sai shafin godiya, bayan miji da 'ya'ya. Mun gode. Duk wanda kika gyara, ya zauna ya gyara wani.

Da muka fito, Malama ta lalubi ƙofar ofishin da hannu, ta ja, ta rufe.

Na ce, "Malama, Litinin zan shiga ajin. Zango cikakke zan yi."